DARASI DOMIN IYAYE DA MATASA: ƊALIBI A LOKACIN HUTU

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora ranar da makarantu suka ba da hutu, ya riga ya ga farkon abin da za mu tattauna a wannan darasi. Motocin Kano da na Zariya suna sauke yara da akwatunan ƙarfe, da bokitai, da katifu a naɗe. Masu babura suna ta kwasarsu zuwa ƙauyukan Kiru da Bebeji, waɗansu kuma suna tsaye a bakin titi suna jiran motar da za ta bi hanyar Jos ta ajiye su a Tudun Wada ko Doguwa. Babu akwatin da ba littafi a cikinsa. Amma da za a bi akwatunan nan gida gida ranar komawa, da an tarar a yawancinsu littattafan suna nan yadda aka shirya su, ba abin da ya taɓa su sai ƙura ko gara.

A kan wannan al'amari iyaye sun kasu biyu. Akwai mai cewa hutu sunansa hutu, yaro ya sha wahalar makaranta wata uku, a ƙyale shi ya sha iska. Akwai kuma mai cewa kuɗin makarantar nan da buhun masara aka biya shi, saboda haka ba fita, ba wasa, ba biki, sai littafi daga safe har dare. Na farko yakan riƙe baki sa'ad da sakamakon jarrabawa ya fito. Na biyu kuwa yakan ga ɗansa zaune da littafi a buɗe ya ji daɗi, bai sani ba tun hantsi shafi ɗaya ake kallo. Dukansu biyu suna ƙaunar 'ya'yansu, dukansu kuma sun ɗauka karatu da shaƙatawa kishiyoyi ne, in ɗaya ta samu sai ɗaya ta rasa. Abin da wannan darasi yake so ya nuna shi ne, karatu kaɗan wanda ba ya yankewa, tare da fita wadda aka sa mata rana, sun fi wa ɗalibi amfani bisa ga kowace hanya cikin biyun nan.

HUTU UKU, KOWANE DA MUDUNSA

Masu ba da shawara a birane sukan yi magana kamar abu biyu ne kaɗai ke jiran ɗalibi a gida, watau littafi da yawo. A ƙasarmu ta kudancin Kano akwai na uku, shi ne kuwa ya fi su ƙarfin murya: gona. Duk jadawalin da aka tsara ba a sa fartanya a ciki ba, ba zai kwana uku ba. Saboda haka sai mu dubi kowane hutu da irin aikin da yake tarar da shi a gida.

Dogon hutu yakan fara wajen ƙarshen Yuli, ya kai cikin Satumba. Tsakiyar damina ke nan, lokacin da masara da shinkafa a Doguwa da Tudun Wada suke bukatar hannu, ga maimai, ga huɗa, ga zuba taki, ga dabbobi da ba a barinsu su yi yawo. Safiya a wannan lokaci ta gona ce, babu gardama, kuma ɗalibin da ya fake da littafi domin ya guje wa aikin da ake ciyar da shi da shi, ba karatu yake so ba. Sai dai bayan an tashi daga gona, an ci abinci, an ɗan kishingiɗa, akwai sa'a ɗaya ko biyu kafin la'asar wadda ba kowa ke lura da ita ba. Ita ce rabon littafi a damina. Ta fi dare amfani, gama da dare jiki ya mutu, fitila ba ta da ƙarfi, sauro kuma ya fito.

Hutun Kirsimeti gajere ne, mako biyu ko uku, yana kuma zuwa da girbin dawa da sussuka, da sanyin hunturu, da bukukuwan aure, da 'yan'uwa da suka zo gida daga Kano da Kaduna da Abuja. A nan ya kamata a sassauta. Yaron da aka kulle a ɗaki ranar auren yayarsa ba zai karanta kome ba, kunnensa na wajen kiɗa. A ba shi kwanakin biki cikakku, amma a san ranar da suka fara da ranar da suka ƙare.

Hutun Ista kuwa wani abu ne dabam, musamman ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, takan faɗo kusa da wannan lokaci. Ta WAEC tana biye da ita cikin Mayu da Yuni, ta NECO kuma a bayanta. Wanda yake neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba shi da hutun Ista irin na ƙannensa. Nasa hutun yana gaba, bayan takarda ta ƙarshe. A zafin bazara kuwa lokacin karatu ya juya: asuba da hantsi su ne na littafi, tsakar rana ta inuwa ce.

YADDA MANTUWA TAKE AIKI

Me ya sa muke nacewa a kan karatu kaɗan kullum, maimakon a bari sai makon ƙarshe a haɗa duka? Amsar tana cikin yadda aka halicci ƙwaƙwalwar mutum, masana kuma sun daɗe suna auna wannan.

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya saura a kansa bayan wani lokaci. Bisa ga ma'auninsa, bayan sa'a ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, bayan wata ɗaya kusan kashi huɗu cikin biyar. Abu mai ma'ana, kamar labari ko darasin da aka fahimta, ba ya zubewa da irin wannan sauri, amma hanyar ɗaya ce: mantuwa takan yi gaggawa da farko, sa'an nan ta lafa. Ya kuma gano abu na biyu wanda ya fi shafarmu. In aka rarraba bita a kan kwanaki, maimaici kaɗan ya isa. In aka tara ta a zama ɗaya, sai an yi mai yawa kafin a kai wuri guda. Manomi ya san wannan ba tare da Bajamushe ba. Ruwan da ya sauko kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya yakan bi kwari ya tafi da ƙasa, mai zuwa a hankali duk bayan kwana biyu shi ne ke shiga saiwa.

A Amurka, inda hutun bazara ya fi namu tsawo, Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike 39 a 1996, suka ga yara sukan dawo daga hutu sun yi asarar abin da ya kai kimanin karatun wata ɗaya, asarar kuma ta fi yawa a lissafi. Daga baya waɗansu masana sun yi gardama a kan yawan asarar, amma kowane malamin lissafi ya san abin da yakan tarar a makon farko na zango. Dalilin a fili yake. Yaro yana jin magana yana yin ta kullum, ko a gida ko a kasuwa, amma ba wanda zai tare shi a hanyar rafi ya ce ya warware masa aljabara. Saboda haka in sa'a ɗaya ce kaɗai ɗalibi ya samu a yini, a ba lissafi rabinta, da fensir a hannu, gama lissafi ba a koyonsa da kallo.

Akwai kuma bambanci tsakanin duba littafi da karatu. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a ta birnin St. Louis a Amurka, sun ba ɗalibai wani rubutu. Waɗansu suka yi ta maimaita karanta shi, waɗansu kuma suka karanta na ɗan lokaci, aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu suka fi. Bayan mako ɗaya kuwa sai reshe ya juye da mujiya: masu gwada kansu suka tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Abin lura a nan shi ne, masu maimaitawan su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. Ido yakan saba da shafi har mutum ya zaci ya san abin da ke ciki. Ya kai ɗalibi, ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa wa ƙanenka abin da ka karanta, ko ka rubuta shi a bayan tsohuwar takarda. Inda ka tsaya cik, nan ne aikinka na gobe. Tambayoyin jarrabawa na shekarun baya ma haka ya kamata a yi da su: a amsa tukuna, sa'an nan a duba amsar da ke baya.

Ga wanda hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, akwai wata dabara mai sauƙi. Wani ɗalibin jami'a a Italiya, Francesco Cirillo, a ƙarshen shekarun 1980, ya ɗauki agogon kicin mai siffar tumatir ya riƙa auna wa kansa lokaci. Tsarin da ya fito da shi shi ne minti 25 na aiki ba ɗaga kai, sai hutun minti biyar, a sake. Sunan dabarar Pomodoro, watau tumatir da harshensu. Mu da Kwanar Gafan take kusa da mu ba za a koya mana tumatir ba, amma dabarar ta cancanci aro. Zama uku irin wannan a yini, kwana biyar a mako, cikin hutun mako shida, ya haura sa'a 37. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya bari sai kwana uku kafin komawa, ko bai runtsa ba, ba zai tara abin da ya kai wannan amfani ba.

BAKAN MAHARBI

To, in haka ne, me zai hana a ninka sa'o'in nan, a soke fita gaba ɗaya? Iyayen Ikilisiya na dā sun amsa wannan da wani labari da Yohanna Kasiyan ya rubuta a ƙarni na biyar, Waliyyi Toma Akwinas kuma ya kawo shi sa'ad da yake bayani a kan wasa. An ce wani maharbi ya tarar da Manzo Yohanna yana wasa da makwarwa, ya yi mamakin ganin babban mutum kamarsa a kan abin yara. Manzon ya tambaye shi me ya sa ba ya barin bakansa a ɗaure kullum. Maharbin ya ce in ya yi haka bakan zai saki, ranar da ake bukatarsa ba zai jefa kibiya nesa ba. Manzon ya ce masa haka zuciyar mutum take. Akwinas ya ɗora a kan wannan cewa akwai laifi a wuce gona da iri cikin wasa, akwai kuma laifi ga wanda ba ya wasa sam, yana hana wasu. Tsofaffin maharbanmu, waɗanda ke kwance tsirkiya in sun dawo daga daji, ba sa bukatar a fassara musu wannan labari.

Barci ma yana cikin hutun da ba a taɓawa. Tun a 1924 masana biyu a Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa abin da aka koya aka kwanta a kansa ya fi zama bisa ga abin da aka koya aka ci gaba da hidimar yini. Ɗalibin da ke tsoma ƙafa a ruwan sanyi, yana shan shayi mai ƙarfi domin ya kai asuba yana karatu, yana ɗiba ne da kwando.

INA ZA A JE?

Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yaranmu ba sai sun je Ingila ba. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya haddace sunayen kogunan Turai, amma bai taɓa tsayawa a kan madatsar ruwa ta Tiga ba, alhali tana cikin ƙaramar hukumar Bebeji. An gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tsawon ganuwarta kusan kilomita shida ne, tafkin da ke bayanta yakan rufe kusan murabba'in kilomita 178, ruwansa kuma shi ne ke bin magudanai zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura. Ɗalibin da ya ga inda ruwa ke fita daga dam ya shiga babbar magudana, ya tambayi masunta irin kifin da suke kamawa da lokacin da ya fi yawa, ya yi darasin labarin ƙasa da na noma da na ilmin halittu a yini ɗaya, yana kuwa dariya da abokansa. Can Bagauda kuma, inda dam ya ɓalle a daminar 1988, otal ɗin da aka gina domin masu yawon shaƙatawa shi ne ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Wurin hutu ya koma wurin karatu, ba wanda ya ce ƙasar ta ƙi.

A kudu akwai duwatsun Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, inda ake narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Akwai kuma dajin Falgore, wanda a dā ake kira Kogin Kano. An keɓe shi a 1949, aka mai da shi gandun namun daji a 1969. Mai wucewa ta hanyar Jos yana iya ganin yadda itatuwa suke canzawa, doka da maɗaci da ƙirya suna ƙara yawa da tsawo, alamar cewa ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar. Amma fa a yi hattara. A shekarun da suka biyo bayan 2015 dajin ya yi ƙaurin suna saboda ɓarayin shanu da 'yan fashi, har aka kai sojoji. Ba wurin da yara za su shiga su kaɗai ba ne. Sai da manya, da sanin hukuma, bayan an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan mako.

Ruwa ma haka. Tafkin dam ba kududdufin bayan gari ba ne, gefensa yana iya zama gwiwa, taki biyu a gaba ya shanye dogon mutum. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga domin kunyar abokai, kada kuma a cika kwale-kwale fiye da kima domin a rage kuɗi. Akwai wani haɗarin da ba a gani da ido, watau tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, bayan makonni sai yaro ya fara fitsarin jini. Waɗansu sun ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, tana rage jini, tana sa kasala a aji, tana kuma da magani a asibiti. A ga ruwa daga bakin gaɓa ya isa.

Fita mai kyau tana da alamu da kowane uba zai iya tambaya a kansu ba tare da faɗa ba. A ce yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, in kun yarda, 'yan ajinmu za su Tiga ranar Asabar, ina so in bi su." Ba "a'a" ce amsar farko ba, ba kuma "je ka" ba. Sai uban ya ce, "Ɗana, su wa da wa za ku? Wane babba ne a cikinku? Da me za ku tafi, nawa ne kuɗin, ƙarfe nawa za ku dawo? Aikin da malaminku ya ba ku, ina aka kwana?" In yaron yana da amsa, a sa masa albarka, a ba shi na mota. In ba shi da ita, a ce ya je ya nemo. Yaron da ya san ranar Asabar tasa ce, yakan zauna da littafi daga Litinin zuwa Juma'a da zuciya ɗaya. Wanda aka hana kuwa zai tafi ta bayan danga, a kan babur mai ɗauke da mutum huɗu, ba wanda ya san inda ya nufa sai in wani abu ya faru.

A gaskiya ma ba irin wannan fita ce ke cinye hutu ba. Zuwa Tiga yini ɗaya ne, ziyarar kaka a wani ƙauye kwana biyu ce. Abin da ke cinye hutu shi ne yawon da ba shi da suna: zaman bakin titi daga hantsi zuwa azahar, gidan kallon ƙwallon Turai wasa bayan wasa, da wayar hannu, wadda take kai yaro Facebook da TikTok yana kwance a kan tabarma littafi a ƙirjinsa. Wannan bai huta ba, bai kuma karanta ba. Da ya je filin makaranta ya buga ƙwallon da ƙafarsa ya yi gumi, da ya fi masa. A lokacin zaman karatu, wayar ta kwana a ɗakin uwa.

'YA MACE FA?

Duk abin da muka faɗa, in ba a yi hankali ba, 'ya'ya maza kaɗai zai amfana. Ranar da ɗaliba ta sauke akwatinta, ranar uwa take cewa ta sami hutu. Ɗebo ruwa, surfe, kai niƙa, girki, wanki, goyon ƙanne, kai abinci gona, wani lokaci har da talla ranar kasuwa. Ɗan'uwanta ya dawo daga gona ya gama nasa, ita nata ba ya ƙarewa sai ta kwanta. Ba ta sami littafi ba, ba ta sami fita ba, ranar jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a ba su, ba wanda zai rage mata tambaya domin ta yi daka. In ta faɗi sai a ce ai karatun mace ba ya nisa, a fara maganar aure.

Iyaye mata, musamman 'yan Zumuntar Mata, wannan a hannunku yake. Ku yanka wa 'yarku sa'arta, ku tsare mata ita kamar yadda kuke tsare kuɗin adashi. In ta zauna da littafi, kada a aike ta. Akwai ƙanenta namiji, ƙafarsa lafiya lau, tulu kuma ba ya tambayar wanda ya ɗauke shi. Sa'ad da matasa suka shirya fita ta ƙungiya da manya a ciki, a bar ta ta je. Tsoron da iyaye suke yi ba na banza ba ne, amma maganinsa rakiya ce ta wata babbar mace da aka amince da ita.

HUTUN DA BA A SA MASA RANA BA

'Yan jami'a, na Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da sauransu, sun san wani irin hutu mai wuya. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya fara cikin Maris bai ƙare ba sai Disamba, ga kuma kullen annobar korona a tsakiya. A 2022 an sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Wahalar irin wannan zama ita ce ba a san ƙarshensa ba. Makon farko murna, wata na biyu gundura, daga nan sai kwanaki su yi ta narkewa. Sa'ad da aka janye yajin kuwa, jami'o'i sukan matse zangon domin su cike giɓi, jarrabawa ta zo da wuri, wanda ya watsar da littafi ya tarar da kwas ɗin da zai maimaita yana jiransa.

Wanda ya sami kansa a irin wannan hali sai ya sa wa kansa ranakun da hukuma ba ta sa ba. Ya ɗauki kwas ɗaya mafi wuya, ya raba shi mako mako. Sauran lokacin ya kama sana'a, ɗinki ne, gyaran waya ne, noman rani ne a bakin magudana. Abin da ya fi duka kuwa, ya koyar. Babu bitar da ta kai a tsaya gaban yara goma a bayyana musu abin da aka ɗauka an sani, gama yaro zai yi tambayar da ba ta cikin littafi.

A nan ne majami'unmu na ƙauye za su iya taimakawa ba tare da kashe ko kwabo ba. Daga Litinin zuwa Juma'a, bayan azahar, ɗakin sujada a yawancin wurare a rufe yake, ga benci, ga inuwa, ga shiru, abubuwa uku da ba kowane gida ke da su ba. In katikis ya riƙe mabuɗi, 'yan jami'a biyu ko uku suka karɓi aikin bi da bi, yaran unguwa duka, namu da na maƙwabtanmu Musulmi da suke aji ɗaya da su, za su sami wurin zama na sa'a biyu. Ƙungiyar matasa kuma ta tara 'yan kuɗi tun farkon hutu, ta sa ranar fita ɗaya a tsakiya, ta sanar da iyaye sunan direba da manyan da za su raka su.

A taron zumunta na wannan mako, bari kowane uba da kowace uwa su faɗi sa'ar da ɗansu ko 'yarsu za su samu domin littafi a hutun da ke tafe, da aikin gidan da za a ɗauke musu a wannan sa'a, da wanda zai karɓe shi. Matasa kuma su zo da sunan wurin da suke so su gani, da lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa daga Kwanar Dangora.